Mun Je Neman Gada, Aka Ba Mu Kaza

Jama'a, ina yi muku sallama da baki mai maiƙo. Da safiyar nan na mayar wa maƙwabcina Bilya tela babbar rigarsa da na ara. Na naɗe ta yadda tabon miya ba zai fito ba, na ajiye masa a kan keken ɗinki ina shirin sulalewa. Shi kuwa Bilya ba ya karɓar kayansa a naɗe. A gaban mutane ya warware ta, ya ɗaga ta sama, ya kai hanci ya shinshina.

"Malam Hadi, wannan ai ƙamshin kori ne," in ji shi. "To, an samo gadar?"

Na ce, "Ana kan magana."

"Wa ya yi maganar?"

Na ce masa ya bar ni in ji da abin da ya dame ni. Ya sake duban tabon, ya girgiza kai, ya ce, "Rigar dai ta je birni ta ci ta ƙoshi. Allah ya sa wata rana a gayyaci mai ita."

Bari in yi wa waɗanda ba su san garinmu ba bayani. Muna can bayan Kwanyawa, kuma tsakaninmu da titin da ke shiga Karaye akwai wani rafi. Da rani akuya takan tsallake shi ba ta jiƙa kofato ba. In damina ta nutsa kuwa, ƙato ma sai ya tsaya ya yi shawara. A da muna da kwalbati a kansa, ruwa ya tafi da shi daminar bara waccan. In ka ce za ka zagaya ta ɓangaren Rogo, tafiya ce mai nisa cikin laka, ko mai babur ba ya yarda sai in ba ya son babur ɗinsa. Tun da kwalbatin ya tafi ba mu rasa baƙi ba, gaskiya ɗaya ce. Masu hular kwano sun zo sun yi awo. Wasu masu hular kwanon sun zo sun auna awon na farko. An aza harsashin gadar nan har harsashin ya gaji da azuwa, an kafa allo mai hoton yadda za ta kasance, kuma allon ya yi kyau ƙwarai kafin gara ta cinye shi.

Mu maza mun saba, mukan naɗe wando mu yi ta maza. Wadda ta ƙi sabawa ita ce Iya Kande, ungozomar garinmu, wadda ta yanke wa rabin mutanen garin cibiya, har da ni mai wannan rubutu. Jikarta Murja tana da cikin fari. Da aka je awo asibitin cikin gari, aka ce ɗan ya kwanta a gicciye, kada a kuskura a haihu a gida, da ciwo ya fara a kawo ta. Watan haihuwar kuma ya faɗo daidai tsakiyar marka. Wani ya ce to a kai ta cikin gari tun yanzu ta zauna. Iya Kande ta ce a wurin wa, asibiti masauki ne? Matar da ba ta taɓa cewa wata haihuwa ta gagare ta ba ta tsaya a ƙofar masallaci ta ce, "Wannan ta fi ƙarfin hannuna. Ku nemo mini hanya."

Ita ta tayar da garin. Ta hanyar surukin wani da ya san direban wani, aka samo mana ranar ganin babban mutumin da aka ce duk maganar gadoji da kwalbatoci a aljihun rigarsa take. Ba zan faɗi sunansa ba, ina da yara ƙanana. Mu dai a garinmu Mai Girma Za-a-duba muke ce masa, saboda ba a taɓa kai masa magana ya ƙi dubawa ba, kuma ba a taɓa jin ya gama dubawar ba.

Nan muka yi wautarmu ta farko, kuma da sunan ladabi muka yi ta. Baba Mijinyawa, dattijon da aka zaɓa ya yi magana da yawunmu, ya ce ba a shiga gaban manya da tsumma, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Sai gari ya ɗauki aro. Duk wata shadda da ke ƙasan akwati aka fito da ita, duk wata hula mai aiki aka kai ta wanki da guga. Sulle, wanda rabonsa da takalmi sau-ciki tun ranar aurensa, ya samo har da baƙin tabarau. Aka haɗa gaisuwa: zabi masu ƙiba, kwalbar zuma, ƙwaryar man shanu, da buhun gyaɗa wadda aka tsince ɗaya bayan ɗaya don kada a ga ruɓaɓɓiya.

Iya Kande ta zo bakin mota da zanenta na kullum da mayafin da ya sha rana. Ta dube mu sama da ƙasa, ta ce, "Kuka za ku kai ko ɗaurin aure za ku? Da ni ce ku, da kayan gona zan je, da taɓon rafin a ƙafata."

Baba Mijinyawa ya ce, "Haba Kande, ai sai a raina garin."

"A raina shi a yi masa gada mana," in ji ta. "Kuma ku ji, ni da azumina na fito. Na san ku sarai. Da kun ci abincin mutum, shi ke nan bakinku ya mutu."

Muka yi dariya, muka ce Iya da rigima.

Da koko kawai muka bar gida bayan asuba. Direbanmu ya biya gidan mai, muka tarar da layi kamar ana rabon aljanna, muka zauna cikin shadda muna gumi har rana ta ɗaga. Ba zan tsaya kan wannan ba, kun san shi, kuna cikinsa. Da hantsi ya dubi ludayi muka shiga birni, muka sami ofishin, kuma abin mamaki ba a bar mu a bakin ƙofa ba. Wani dogon saurayi mai waya biyu a hannu ya fito da fara'a har kunne. Sunansa Yallaɓai Mansur, shi ne mai tsara wa Mai Girma baƙi. Ya durƙusa wa Baba Mijinyawa, ya kira Iya Kande Hajiya, ya sa aka karɓi zabinmu da hannu biyu.

"Mai Girma yana cikin wani muhimmin taro," in ji shi. "Amma ya ce ba zai yiwu iyayensa su zo birni su koma ba su ga gari ba. A zaga da ku, ku ga aiki da idonku, sai ku haɗu da shi a wurin cin abinci."

Iya Kande ta ce, "Ɗan nan, mu ba gari muka zo gani ba."

"Hajiya, ai tsari ne," in ji shi. Kalmar nan tsari, jama'a, ban san me ke cikinta ba, amma da an faɗe ta sai talaka ya ji kamar shi ne mai laifi. Aka zuba mu a wata farar mota mai sanyi, mai labule, aka haɗa mu da mai ɗaukar hoto.

Da gadar sama aka fara. Direba ya hau da mu, ya sauko, ya zagaya ya bi ta ƙarƙashi, ya sake hawa don waɗanda ba su gani da kyau ba. Baba Mijinyawa ya manna fuska a gilashi yana leƙen ƙasa. Can ya ce, "Yallaɓai, ina ruwan?"

"Babu ruwa, Baba. Motoci ne ke bi ta ƙasa."

"Ko da damina?"

"Ko da damina."

Baba ya ce, "Ikon Allah. Su an ba su gada ba ruwa, mu an ba mu ruwa ba gada." Sulle ya tambaya da gaske ko za a iya gutsuro mana ɗan wutsiyar can ta ƙarshe, tunda ya ga ba kowa ke binta ba. Yallaɓai Mansur ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mutanen Karaye akwai barkwanci.

Daga nan sai wani shataletale inda ruwa ke tsiri sama yana dawowa, an kewaye shi da ƙarfe don kada wani ya sha. Na tambayi amfaninsa, aka ce ado ne. Na yaba. Ruwan birni ruwa ne mai tarbiyya, inda aka ce ya tsaya nan yake tsayawa, ba irin namu ba da ke tafiya da kayan gwamnati ba sallama. Aka kai mu wani ƙaton kanti mai matakala da ke tafiya da kanta. Baba Mijinyawa ya ce shi ba zai hau abin da bai san wa ke jan sa ba, aka bar shi a ƙasa yana jan carbi. A sama muka tarar da ƙuliƙuli, wallahi ƙuliƙuli irin na matan garinmu, an sa shi a leda mai ƙyalli da rubutun Turanci. Sulle ya duba kuɗin da ke jiki, ya yi salati, ya mayar da shi a hankali kamar ƙwai.

Inda aka gama da mu shi ne wani lambun shaƙatawa, mai ciyawa a gyare kamar an yi mata aski. A tsakiyarsa akwai ɗan kududdufi da agwagi ke wanka, a kan kududdufin kuma ga wata 'yar gada ta siminti, an shafe ta da fenti fari da kore, da ƙarfen dafawa hagu da dama. Da Iya Kande ta ga wannan sai ta sauka daga mota da sauri. Ta hau gadar, ta je ƙarshe ta dawo, ta buga ƙafa ta ji ƙwarinta, ta shafa ƙarfen da tafin hannu.

"Wannan ma ta ishe mu," in ji ta. "Wallahi wannan ta agwagin ta ishe mu."

Na ji abin ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma kafin wani ya amsa mata, Yallaɓai Mansur ya tafa hannu ya ce kowa ya hau a yi hoton tarihi. Muka jeru a kan gadar agwagi cikin shaddodin aro, Baba a tsakiya, Sulle da tabarau, aka ce mu yi murmushi, muka washe baki. Iya Kande ta koma gefe, ta ce ita ba ta zo da fuskar hoto ba.

Bayan mun yi azahar aka nufi otal da mu. Ku tuna, koko ne kawai a cikinmu tun asuba, an kuma yini ana hawa da sauka da mu. Aka buɗe mana wani zaure mai sanyi kamar randa, ga tebura da fararen ƙyallaye, ga jerin kwanonin azurfa a rufe, wuta na ci a ƙarƙashinsu. Wani mai farar hula ya bi yana buɗewa. Shinkafa kala-kala, kaza soyayya, kaza gasassa, farfesun kayan ciki, kifi ya miƙe a faranti kamar mai hutawa, da wani ɗanyen ganye da aka zuba wa farin abu. Aka ce kowa ya ɗiba da kansa, ba mai ƙirgawa.

Iya Kande ta ce ita tana azumi. Ku ji ladabi, jama'a, ku ji tarbiyya. Yallaɓai Mansur ya dafe ƙirji ya ce, "Allah ya karɓa, Hajiya, a sa mu a addu'a. Ai bai kamata a zaunar da mai azumi a gaban abinci ba, alhaki ne." Ya sa wata yarinya mai kayan aiki ta kai ta wani ɗaki can ƙarshen baranda, mai kujerar kushin da talabijin, ya ce da Mai Girma ya iso za a kira ta. Muna kallo aka tafi da ita, har muna cewa yaron nan ɗan gidan mutunci ne.

Baba Mijinyawa ya yi mana gargaɗi ƙasa-ƙasa: "Ku ɗan taɓa kawai, don kada a ce mun ƙi." To, mun taɓa. Sulle ya yi kokawa da cokali mai yatsu na ɗan lokaci, ya ajiye shi gefe, ya naɗe hannun riga. Ni na je na dawo, na sake komawa don in tabbatar gasasshiyar ta fi soyayyar ko kuwa. Shi kansa mai gargaɗin, da na waiwaya, na ga ya tura hula baya yana fama da wata cinya. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar ƙashi.

Daidai lokacin da kowane baki ya cika, kowane hannu ya yi maiƙo har wuyan hannu, sai ƙofa ta buɗe. Mai Girma Za-a-duba ya shigo da tawagarsa, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Muka miƙe a rikice. Ba damar musafaha, sai muka riƙa miƙa masa tsintsiyar hannu.

"Ku zauna, ku zauna, ku ci abincinku!" in ji shi. Ya ja baya ya ƙare mana kallo, ya juya wurin mutanensa. "Kai! Ku ga mutanena! Ku ga shadda! An nuna mini zabin da kuka kawo, ko a gidana babu irinsu. Ina masu cewa ƙauye na cikin wahala? Su zo su gani!"

Baba Mijinyawa ya haɗiye abin da ke bakinsa da ƙyar, ya durƙusa, ya ɗaga dunƙulallen hannu. A garinmu ba a faɗa wa magana kai tsaye sai an share mata hanya, kuma Baba ba ya tsallake ko ɗaya.

"Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya fama da jama'a? Yaya ƙoƙari da mu?"

Mai Girma ya amsa duka, sannan shi ma ya juyo da nasa. "Yaya mutanen gida?"

"Lafiya ƙalau, ranka ya daɗe."

"Yaya damina?"

"Alhamdulillahi."

"An zaga da ku kun ga aiki? Abincin ya yi?"

Me za ka ce wa mutumin da ƙashin kazarsa ke gabanka tuli? Muka haɗa baki gaba ɗaya kamar 'yan amshi: "Mun gode, ranka ya daɗe! Mun gode! Allah ya saka da alheri!" Sai a lokacin na lura da wani mutum a gefe ya miƙo abin ɗaukar magana daf da bakin Baba.

Baba ya yi gyaran murya. Na ga ya dubi farantinsa, ya dubi Mai Girma, ya sake duban farantin. Gumi ya tsatso masa duk da sanyin ɗakin. Ya ce, "Dama, ranka ya daɗe... dama wata 'yar magana ce. Ƙarama ce, ba ta kai ta kawo ba..."

"Ƙarama ce?" in ji Mai Girma. "To ai Mansur ya isa. Ku gaya masa, za a duba. Ku ci, ku ci, ku gaida gida!"

Ya ɗaga hannu, tawaga ta juya, ƙofa ta rufe. Za ku ce ni fa, mai dogon baki a jarida, me ya hana ni magana? Ƙundun kaza ne a bakina, kuma kunya ce a ƙirjina, kunyar da aka rene mu da ita tun muna yara: ba ka cin abincin mutum ka ɗago kai ka ce masa bai kyauta ba. Duk abin bai kai tsawon alwala ba.

A nan dole in cire hula in yaba. Wanda ya tsara wannan yini ya san mu ciki da bai. Ya san sai mun yi ado, ya san yunwa za ta kama mu, ya san gaisuwarmu ta fi lokacinsa tsawo, ya kuma san wace ce a cikinmu ba za ta ji kunya ba, ya nema mata ɗaki mai talabijin. Ana cewa manyanmu ba su iya tsari ba, ƙarya ake yi musu. Da rabin wannan basira aka kai bakin rafinmu, da yanzu tirela ke wucewa.

Ƙarar jiniya ce ta fito da Iya Kande. Ta zo ta tarar da wutsiyar motoci na fita daga ƙofar otal, mu kuma muna tsaye da tsinken sakace. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"An faɗa?"

Muka ci gaba da sakace.

"Malam Mijinyawa, da kai nake. An faɗa masa maganar Murja?"

Baba Mijinyawa ya ce, "An... an share hanya."

Yallaɓai Mansur ya matso da robar abinci a leda, ya ce ga na buɗa-baki, Mai Girma ya ce lallai a ba Hajiya. Ta ce masa, "Ɗan nan, akwai wata magana ta rafi." Ya ce ai ya sani, yana da labari, za a duba, wayarsa kuma ta yi ƙara ya juya. Ta ajiye robar a kan matakala ta wuce mota. A hanya, da aka kira magariba, ta fito da gorar ruwanta daga cikin mayafi ta sha, ta ci dabino. Da ta zage mu da ya fi mana sauƙi.

Yau, da na baro shagon Bilya, na biya wurin mai shayi. Rediyo na kunne. Sai na ji muryar da na sani: "Mun gode, ranka ya daɗe! Mun gode!" Mai labarai ya ce dattawan wani yanki na Karaye sun yi takakkiya har birni don nuna godiya bisa kammala musu gada. Kafin in ajiye kofi an miƙo mini waya. Ga mu nan reras a kan gada fara da kore, cikin shadda, haƙora a waje, Sulle da tabarau kamar shi ne ɗan kwangilar. An datse hoton da kyau, sai dai in ka ƙura ido can ƙasa ta hagu za ka ga wutsiyar agwagwa. Wani ɗan garinmu da ke ci-rani a kudu har ya bugo yana yi mana barka, yana cewa bana da mota zai zo.

Ina nan zaune aka ce Iya Kande na kiran duk wanda ya je birni, a bakin rafi. Muka je. Ruwan shekaranjiya ya sa rafin ya kai gwiwa, ja wur, yana tafe da karare. Muka tarar ta ciro ƙyauren ɗakinta, ta shimfiɗa shi a ƙasa, ta ɗaure buhun dawa a kansa da igiya. Audu mijin Murja da ƙanensa suna tsaye a gefe, ita kuma Murja tana zaune a kan wani kututture, ta tallafe bayanta da hannu.

"Kun ci kaza, kun yi ƙarfi," in ji Iya Kande. "To ga aiki. Wannan buhun shi ne Murja. Ranar da ciwo ya zo, ko rana ko hadari, a kan ƙyauren nan za ku tsallaka da ita, mota na jira a wancan gefe. Yau za ku fara koyo. Hadi, kai da Sulle kun fi tsawo, ku ne gaba. Audu da ƙanensa a baya. Kuma daga yau ba mai tafiya ko'ina sai ta sauka."

Baba Mijinyawa ya ce, "Ni fa, Kande?"

"Kai ka riƙe igiya a bakin gaɓa. Kuma don Allah, Malam, in mun iso kada ka tsaya gaida ruwan."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Muka naɗe wando, muka ɗora ƙyaure a kafaɗa, ni a gaba ta hannun dama, muka shiga. Laka na jan ƙafa, ruwa na turo gwiwa, Sulle na salati a kunnena. A tsakiya na zame, buhu ya karkata, Iya Kande ta daka mini tsawa daga gaɓa: "Ka kayar da ita! Ku koma ku sake!" Muka koma muka sake, har sai da muka kai buhun wancan gefe a bushe, muka dawo da shi.

Ina zaune ina mayar da numfashi, Murja ta kira ni a hankali. Yarinya ce mai kunya, ko gaisuwa ba ta ɗaga murya.

"Kawu Hadi," in ji ta, "yau a gwiwa yake. In ranar ya kai wuya fa?"

Kakarta ce ta amsa, tana kwance igiya, ba ta ko ɗago kai ba: "Sai su ɗaga hannu sama."

Saboda haka, Mai Girma Za-a-duba, Allah ya ƙara maka lafiya, ban zo in ƙaryata rediyo ba. Garinmu ya sami gada, na shaida, kafaɗata ma ta shaida. Ƙafafunta takwas, kuma ba wanda zai ce ba kai ka yi ta ba, tunda kai ka ciyar da ita. In za ka zo buɗe ta, ka taho da jan ƙyallenka da almakashi, a ƙuguna za a ɗaura. Sai dai ina ba ka shawara ka zo kafin marka, domin akwai ɗan gyara da ya rage a aikin: ƙafar gaba ta hannun dama ba ta iya ruwa ba.